Albarushin Zamani a Bindigar Maƙeri: Martani ga Mai Shawarar Canjin Ɗuri

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fito a wannan shafi da shawara ga maharba da 'yan sintirin ƙauyukanmu na arewacin Kano. A taƙaice, cewa ya yi baƙin albarushin da muka gada ya tsufa: da damina yana shan sanyi ya ƙi tashi, hayaƙinsa yana tona asirin mai harbi, ƙarfinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Don haka a ganinsa lokaci ya yi da masu bindigar gargajiya za su koma ɗura irin garin da ke cikin harsashin zamani, sai dai a ɗan rage awo tunda ya fi ƙarfi. Ya kafa hujja da cewa a Amurka da Turai mutum yana zaune a gidansa yake sake cika kwanson harsashi, ya zaɓi albarushin da ransa yake so, babu mai ce masa don me. Ya ƙare da cewa duk mai hana mu yin haka, ragowar tsoron da Bature ya dasa mana ne ke ɗawainiya da shi.

Malam, na karanta rubutunka a tsanake, ban kuma ga mugun nufi a ciki ba. Sai dai shawara ce wadda in mutum ya ɗauka, hannunsa na hagu da ke riƙe da bututun bindiga da idonsa na dama da ke dab da gindinta su ne za su biya kuɗinta. Shi ya sa ban ga damar yin shiru ba.

Inda ka faɗi gaskiya, gaskiya ce. Baƙin albarushi yana jan danshi, duk maharbi ya san takaicin jan kunama a watan Agusta a ji shiru. Hayaƙi ma yana da shi, domin fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska idan ya ƙone, toka da baƙi yake komawa, wani ya fita ta baki, wani ya lafe a cikin bututu. Kuma akwai algus a abin da ake sayarwa a ɓoye a ƙulle-ƙullen leda, wanda babu mai iya ce maka ga wanda ya haɗa shi. Ba mu da saɓani a nan. Saɓaninmu yana wurin da ka ɗauka cewa albarushi duk albarushi ne, ƙarfi kawai ya bambanta, har a ce a rage awo magana ta ƙare.

Abubuwa biyu ne da ba su haɗa komai ba sai aiki. Baƙin albarushi gauraye ne na gawayi da farar wuta da wani irin gishiri mai ba wuta iska, tun daga ƙasar Sin aka san shi fiye da shekara dubu. Halinsa shi ne yana ci da sauri ko a fili ko a rufe, kuma matsin da yake haifarwa a cikin bututu yana da ɗan haƙuri. Shi ya sa kakanninmu suka iya auna shi da ɗan mazubi, wani lokaci ma da ido, bindiga ta jure ɗan ƙari ko ragi. Na zamani kuwa, mara hayaƙi, sinadari ne da ake sarrafawa daga auduga ko itace, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara daidaita shi don bindiga a 1884. Shi halinsa daban ne: gwargwadon yadda aka matse shi, gwargwadon saurin cinsa, kuma gwargwadon saurin cinsa, gwargwadon ƙarin matsi. Abu ne mai ciyar da kansa. Da zarar ya wuce wani mizani, matsin ba ya hawa a hankali, tsalle yake yi.

A nan ne gwajin da ka ambata ya yaudare ka. Ka ce an zuba kaɗan daga kowanne a ƙasa an kunna, baƙin ya tashi fuu lokaci guda, na zamani kuma ya ci a sannu kamar ba ya so, daga nan ka yanke cewa na zamani ya fi sauƙin kai. Haka yake yi a fili, domin babu abin da ya matse shi. A rufe shi cikin ƙarfe, a danna tsumma da dalma a kansa, sannan za a ga wani abu dabam. Ko launi ba shaida ba ne, don yawancin na zamani ana shafe ƙwayoyinsa da wani baƙin sinadari mai santsi, ya fito baƙi-baƙi ko ruwan toka. Mutum zai iya sayen ƙulli a kasuwa ya rantse baƙin albarushi ne, alhali an cuɗanya shi da abin da aka zazzago daga harsashi. Wannan cuɗanyar, wadda kai ma ka nuna kamar matsakaiciyar hanya ce, ita ta fi kowace muni, don babu mai iya sanin halin abin da ya fito.

Sai maganar rage awo. Da me za a rage? Masu cika harsashi a ƙasashen da ka ambata ba da mazubi suke aunawa ba, da sikeli ne, kuma ma'aunin da suke amfani da shi ƙanƙane ne ƙwarai, guda 7,000 ne ke yin fam ɗaya, ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba. Sikelin nasu ma yana raba wannan ɗayan gida goma. A wasu harsasan, tazarar da ke tsakanin ɗurin da ya dace da wanda zai fasa bindiga ba ta kai abin da za ka ɗebo da yatsu biyu ba. Wa ke da irin wannan sikeli a Makoɗa ko Tsanyawa? Ko da an samu sikelin, wane adadi za a auna, tunda babu wani littafi a duniya da ya rubuta awon albarushin zamani don bindigar da maƙerin ƙauye ya ƙera?

Ka yi ta nanata cewa Ba'amurke yana zaɓen albarushin da ransa yake so. Ba haka abin yake ba, kuma nan ne zuciyar maganar. Albarushin zamani da ake sayar wa masu cika harsashi ya haura iri ɗari, an jera su daga mai saurin ci zuwa mai jinkiri. Masu sauri na ƙananan bindigogin hannu ne da na harbin tsuntsu, masu jinkiri na dogayen bindigogi masu babban kwanso. Mai cikawa ba ya fara da tambayar wanne ya fi ƙarfi. Yana fara da bindigar da ke hannunsa: wane harsashi aka ƙera ta dominsa, nawa ne nauyin ƙwayar da zai harba. Sannan ya buɗe littafin da kamfanoni irin su Hodgdon da Hornady da Lyman da Vihtavuori na ƙasar Finland suke bugawa, inda aka gwada kowane haɗi a ɗakin gwaji da na'urar auna matsi, aka rubuta inda za a fara da inda ba a wucewa. Littafin ne ke zaɓa masa. Idan ya kuskura ya zuba albarushin ƙaramar bindiga a kwanson babbar bindiga, ko da bindigar sabuwa ce fil daga kamfani, tarwatsewa take yi, kuma suna da labaran irin haka da yawa. Daga cikin gargaɗin farko da waɗannan littattafai ke yi akwai guda biyu da suka shafe mu kai tsaye: kada a yi amfani da albarushin da ba a san sunansa ba, kada kuma a cuɗanya iri biyu. Garin da aka zazzago daga harsashin soja ko na kamfani, shi ne ainihin albarushin da ba a san sunansa ba, don kamfanoni suna haɗa nasu ne na musamman wanda ba a sayarwa a shago. Wato mutanen da ka kafa hujja da su, su ne na farko da za su riƙe hannunka.

Har ma da bindigar ɗuri ta baki suna da ita, ana farauta da ita a Amurka har gobe, kuma kusan kowacce an rubuta a jikinta ko a takardarta cewa baƙin albarushi kaɗai, ko abin da aka yi musamman don maye gurbinsa. Wani kamfani, Savage, ya taɓa ƙera wata ta musamman da aka tsara don ta ɗauki albarushin zamani, da ƙarfen masana'anta da injiniyoyi da komai. Duk da haka sai da maharba suka kai shi kotu a kan fashewar bututu da asarar yatsu, kamfanin yana cewa kuskuren ɗuri ne daga masu bindigar. Ko wa ke da gaskiya a tsakaninsu, darasin ɗaya ne a wurinmu: in injiniya da littafi ba su hana haɗari ba, ina ga wanda ba shi da ko ɗaya.

Mu dawo kan bindigar kanta. Ba raina maƙeranmu nake yi ba, mutanen da suke riƙe da garma da fartanya da lauje na wannan yanki tun kafin a haifi kakan kowa. Amma maƙeri da abin da ya samu yake aiki, kuma kowa ya san yawancin bututun bindigar gargajiya daga bututun ruwa ne ko wani ƙarfen tsohuwar mota. Bututun ruwa an yi shi ne don ruwa, sau da yawa ma yana da ɗinki a tsawonsa. An toshe gindinsa da walda ko da murɗi, kuma wannan toshiyar tana kallon fuskar mai harbi ne kai tsaye. Ƙara da tsatsa: ragowar baƙin albarushi tana jan danshi ta ci ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani, don haka bindigar da aka gada daga uba ba ta da kaurin da take da shi ranar da ta bar maƙera. Yanzu ka duba adadi. Bindigar harbin tsuntsu ta kamfani, wadda aka fi sani a nan, iyakar matsin da aka yarje mata a Amurka fam 11,500 ne a kan kowane murabba'in inci. Manyan bindigogin zamani kuwa suna aiki ne a tsakanin fam 45,000 zuwa sama da 60,000. Garin da kake so a zazzago an yi shi ne don irin wannan duniyar, sannan kana so a zuba shi a bututun da ba a taɓa gwada ko nawa yake iya ɗauka ba.

Wannan gwajin shi ne abin da suke da shi mu ba mu da shi, kuma ka tsallake shi a rubutunka gaba ɗaya. A Landan akwai gidan gwajin bindigogi tun 1637, a Birmingham tun 1813. Kafin a sayar da bindiga sai an kai ta can, an ɗura mata fiye da ƙa'ida, an harba daga bayan katanga, in ta jure a buga mata hatimi. Kuma hatimi iri biyu ne, na baƙin albarushi daban, na albarushin zamani daban. Tsohuwar bindigar Bature da ke ɗauke da hatimin farko kaɗai, ko jikan mai ita ba ya zuba mata albarushin zamani. A 1914 ƙasashen Turai suka kafa hukuma guda don daidaita wannan gwaji a birnin Liège na Beljiyam, masana'antun Amurka kuma suka kafa tasu a 1926. Ka nuna mini hatimi ɗaya a jikin bindigogin da ke rataye a zaurukan Bichi da Dambatta.

Zancen tsoron Bature kuma, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tarihin bai tsaya inda ka tsayar da shi ba. Gaskiya ne a taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai sun amince a hana shigo da bindigogin zamani da harsasansu zuwa mafi yawan Afirka, aka bar mana bindiga mai ƙanƙara da baƙin albarushin fatauci. Da gangan aka yi, kuma sakamakonsa ya bayyana ranar da sojojin Ingila suka tsaya a bakin ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903. Gaskiya ne kuma mutanenmu ba baƙi ba ne a harkar. Tarihin Kano ya ce Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Sarkin Damagaram Tanimu yana da masu zuba igwa da masu haɗa albarushi a Zinder, kuma a ƙarshen shekarun 1890 Damagarawa sun shigo da wutarsu ta wannan ƙasa tamu ta arewa har Gezawa da Tattarawa, zamanin Sarki Alu mai sango. Can yamma kuma maƙeran Sarki Samori suna gyara bindigogin Faransa, suna tsintar kwanso suna sake cikawa.

To amma me suke zubawa a ciki? Bindigar Gras ta Faransa da mutanen Samori suka fi so, ta baƙin albarushi ce tun daga masana'anta, shi suka mayar mata. Sun haɗa gari da bindigar da aka yi dominsa. Su kansu Turawan, da Vieille ya kawo sabon albarushi, sai da suka ƙera sababbin bindigogi dominsa. Faransa sabuwar bindiga ta ƙera, Lebel, a 1886. Ingila kuwa ta fito da Lee-Metford a 1888 da baƙin albarushi, da ta koma sabon gari zafinsa ya riƙa cinye zanen cikin bututu, dole ta sake fasalin bututun a 1895, daga nan aka sami Lee-Enfield da tsofaffin sojojinmu suka riƙe. Daular da ke da masana'antu sai da ta canza ƙarfe kafin ta ji daɗin canjin gari. Kai kuma kana so a canza gari a bar ƙarfen yadda yake, ka kira hakan 'yanci.

A ce ma, don muhawara, bututun ya jure. Me za a yi da ƙarin ƙarfin a wannan ƙasa? Kamar ka manta inda kake ba da shawarar. Tun shekarun 1960 masani Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya nuna cewa a karkarar da ke kewaye da birnin Kano kusan kowace gona ana noma ta kowace shekara, saura ta ƙare, daji ya zama labari. Yau abin ya ninka. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, ka tsaya a tsakiyar kowace gona da rani bayan an kwashe kara, ka juya ko'ina, za ka ga rufin gida, ko yara masu kiwon awaki, ko mata masu tsintar itace a ƙarƙashin gawo da ɗorawa, ko jaki da mangalar taki. Abin farautar da ya rage shi ne zomo da kurege da gafiya da fakara da hasbiya, sai tsuntsayen ruwa a bakin madatsun Tomas da Watari da Wasai, inda masu noman rani ke duƙe cikin tumatir da albasa. Duk waɗannan a 'yan taku ake harbinsu, da yawa ma kare da gora sun ishe su. Gajeren zangon bindigar gargajiya, wanda kake kuka da shi, shi ne rahamar da ta sa ake zaune lafiya da ita a wuri mai cunkoso haka. Harsashin bindigar soja yana iya wuce kilomita biyu kafin ya faɗi. A ƙasar da dangar kara ce katangar gidaje da yawa, duk taku ɗaya da ka ƙara wa harbi, cikin tsakar gidan wani ka ƙara shi.

'Yan bindigar hawan salla kuwa ba su da buƙatar shawararka ko kaɗan. Su ƙara da hayaƙi suke nema, shi ne adon, kuma hawan Kano da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024 da wannan hayaƙin aka san shi. Abin da nake ji musu tsoro shi ne matashin da zai karanta rubutunka ya ce bari tasa ta fi ta kowa amo, a tsakiyar dawakai da dubban 'yan kallo.

Na san abin da ya fi tura ka rubutun, don ka ambace shi: tsaro. Ƙauyukanmu da ke iyaka da Katsina, ta wajen Tsanyawa da Shanono, sun fara ɗanɗana abin da maƙwabta suka daɗe suna sha, kuma ɗan sintiri mai harba-ka-ruga yana fuskantar mai AK-47. Ba zan ce wa wanda ke kwana a bakin gari yana gadin iyalinsa ya yi haƙuri kawai ba. Amma canjin gari ba ya rage wannan tazara. Bindigar ɗuri ta baki harbi ɗaya take yi, a tsaya a sake ɗurawa, ko me aka zuba mata. Mai AK yana da harsashi talatin a gida ɗaya. Abin da canjin zai ƙara kawai shi ne yiwuwar ɗan sintirin ya faɗi da harbin kansa a daren da aka fi buƙatarsa.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba: daga ina harsasan da za a zazzage za su fito? Ba a sayar da su a kasuwar Dambatta ranar Lahadi kusa da masu dawa. Daga hannun 'yan fasa-ƙwaurin makamai za su fito, mutanen da su ne ke ciyar da 'yan fashin dajin. Kowane harsashi da ɗan ƙauye ya saya, riba ce ga wanda zai kai sauran kwalin daji.

Doka ma ta raba abubuwan nan, kuma rabon yana amfanar maharbi. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu irin na soja, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na ƙashin kai irin na harbin tsuntsu, da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na ɗuri ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma su ne dokar ta fi sassauta wa, har ta buɗe ƙofar ba maƙeri izinin ƙera su da gyara su. Maharbin da aka tare da bindigar gargajiya da baƙin albarushi yana da abin faɗa a gaban hukuma. Wanda aka samu da harsashin soja a aljihu, ko da ya ce garin kawai yake so, ya fita daga wannan inuwar. Bayan abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, inda aka kashe matafiya goma sha shida, maharba 'yan Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu, kisan zalunci da babu abin da zai wanke shi, maharbanmu da ke tafiya kudu neman nama suna buƙatar duk abin da zai bambanta su da ɓarayi. Shawararka tana goge wannan bambanci ne.

Matsalolin da ka lissafa suna da magani, kuma tsofaffin maharba sun san shi. Danshi ana maganinsa da ajiya: a rufe albarushi ruf a wuri busasshe, nesa da murhu da fitila da hannun yara, kaɗan-kaɗan, ba tari ba. Wanda ya jiƙe ba a shanya shi a bakin wuta. Bututu ana wanke shi da ruwan zafi ranar da aka yi harbi, a busar, a shafa mai. Ba a rataye bindiga da ɗuri a ciki a ce sai wata rana, don mantuwa ke sa a ɗura na biyu a kan na farko. In aka ja kunama ta yi shiru, a bar bakinta yana kallon inda babu kowa, a jira, kada a leƙa, domin albarushi mai sanyi yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Kan ashana da garin abin wasan wutar yara, waɗanda wasu ke cusawa in albarushi ya yi tsada, su ma haramun ne a bututu, gogayya kaɗai tana iya tayar da su tun ana cikin danna ɗuri. In kuma ƙaddara ta faɗa, a garzaya asibiti nan take. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda harbi ya samu ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Mutane da yawa ba su san da ita ba, suna ɓoye rauni a gida ana shafa magani har hannu ya ruɓe, sai an kai Asibitin Ƙashi na Dala a ce ba abin yi sai yankewa.

Maganar algus kuwa, hukuma ce da aiki. Yarjejeniyar ƙasashen ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ta nemi kowace ƙasa ta ƙirga masu ƙera bindiga na gida ta yi musu rajista. Muna da masana'antar kayan yaƙi ta DICON a Kaduna tun 1964, muna da cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa tun 2021. Ƙasar da ke da waɗannan ba za ta rasa yadda za ta gwada bututun bindigar maharbi ta buga masa hatimi ba, ko yadda za ta ba amintattun dillalai lasisin sayar da baƙin albarushi mai suna da awo ga wanda ke da rajista. Sarakunan baka da sarakunan maƙera da masu unguwanni da dagatai sun san kowa a ƙasarsu, da su za a fara. Da wannan ka nema a rubutunka, da ni ne na farko da zan sa hannu.

Don haka ina roƙonka, Malam, ka dawo wannan shafi ka janye shawarar da bakinka, a fili yadda ka ba da ita a fili, don akwai waɗanda ba za su ga nawa rubutun ba amma sun ga naka. Ku kuma iyayenmu sarakunan maharba na Dambatta da Bichi da Gezawa da Minjibir da sauran garuruwa, kafin a buga gangar farautar bana, ku tara yaranku ku gaya musu: bindigar da ake ɗurawa ta baki, baƙin albarushi kaɗai ake zuba mata, kuma duk ƙullin da ba a san inda ya fito ba a bar shi a hannun mai sayarwa.